Taya Mai Faɗi a Babur ɗin Kawu Armand

Aubenas, 10 ga Maris, 1991

Kawu Armand,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma zazzaɓin da ya kwantar da kai watan jiya ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa gangaren bayan gida wajen awakinta. Ta ce in gaya maka magani a ciki yake aiki, ba a aljihun riga ba. Ni kuma ina nan ina rabon burodi a ƙauyukan kan tudu da tsohuwar motar nan da sai an tura ta idan sanyi ya yi yawa.

Kawu, na ga wani abu Lahadin da ta wuce, har yau bai bar kaina ba. Tseren babura ne, a filin tseren ƙananan motoci da ke hanyar Alès aka yi shi. Rabin hanyar kwalta ne, rabi ƙasa, da wani tudu da ake tsalle a kansa. Baburan daji ne dogaye irin naka, amma an cire musu manyan ƙafafun nan masu ƙuraje, an sa gajeru masu faɗi da tayoyi sumul irin na titi. Supermotard suke ce masa. Idan sun zo kwana sai su danne birki, bayan babur ya zame gefe, ƙafar mutum ɗaya tana share kwalta, sannan su murɗa totur su fice. Na tsaya jikin shinge baki buɗe, ban san lokacin da karen wani ya raba ni da burodi da cukun da ke hannuna ba.

Wani a cikinsu, Régis, wanda nake kai wa kakarsa burodi, ya cire hular kwano ya ce, "Mai burodi, kallo kika zo ko talla?" Na ce, "Na zo in ga inda kuke kuskure ne." Suka yi ta dariya. Babu mace ko ɗaya a cikinsu.

Babur ɗinka yana nan ɗakin ciyawa, ina tayar da shi duk Lahadi in zaga kamar yadda ka ce. Sai dai tayar baya ta tsattsage a gefe. Ka yarda in canza masa ƙafar baya? Ina da wani tunani a kanta.

Mama na gaishe ka.

'Yarka,
Nadège

Sansanin katako, kusa da Lastoursville, Gabon, 29 ga Maris, 1991

Nadège,

Takardarki ta iso, na ji daɗin jin lafiyarku. Zazzaɓi ya tafi, ya bar ni da wandon da ya yi min yawa. Ki gaishe da Yaya Huguette, ki ce mata ina shan magani, ta bar yi min faɗa daga wata nahiya.

Nan ruwa ake yi ba dare ba rana. Katafila biyu sun kafe a laka, ni da abokin aikina Moussavou mun kwashe mako muna fama da injin ɗaya. Saboda haka takardar nan gajera ce, motar katako da ke kai saƙo tashar jirgin ƙasa tana jirana.

Na yi dariyar labarin kare. Yaran yanzu ba abin da ba za su ƙirƙiro ba.

Maganar taya, ba sai kin tambaye ni ba. Babur ɗin yana hannunki. Ki sa masa abin da kika ga ya dace a baya, kada ki yi masa rowa, ki nemo mafi girman da za ta shiga.

Kawunki,
Armand

Aubenas, 21 ga Afrilu, 1991

Kawu,

Barka da samun lafiya. Mama ta ce wandon da ya yi yawa ba hujja ba ce, ka ci abinci. Awaki uku sun haihu, gidan duk kuka.

Da na karanta takardarka sai da na zaga teburin girki sau biyu ina rawa. Ban yi zaton za ka amince da sauƙi haka ba. Ka ce mafi girman da za ta shiga, to na bi umarni.

Régis ya haɗa ni da wani a Nîmes da ke da rim na inci goma sha bakwai, faɗinsa inci biyar. Kawu, kamar tukunya. Na ɗauko shi da ɗan uwansa na gaba a bayan motar burodi, na kai wa Tsoho Teyssier mai gyaran keke, ya kwance tsofaffin ƙafafunka ya ɗaure sababbin rim ɗin a kan cibiyarsu da gajerun wayoyi. Da ya ga na bayan ya ɗaga tabarau ya ce, "Wannan na babur ne ko na tarakta?" Amma ya zauna ya yi aikin, yana buga kowace waya da sifana yana sauraron ƙararta. Tayar kuwa mai lamba ɗari da sittin ce, baƙa wuluk, da laushi har farce yana shiga.

Yanzu ga inda na tsaya. Ƙafar ta shiga tsakanin hannuwan nan biyu na alminiyam da ke riƙe ta, amma da ƙyar, sai da na sace iskar tayar. Da na hura, sai sarƙa ta kwanta a gefen tayar ta hagu. Teyssier ya sassauta wayoyin hagu ya ɗaure na dama, rim ya matsa dama kaɗan, sarƙa ta samu hanya. To yanzu kuma tayar tana gugar hannun dama daga ciki. Ɗan kaɗan ne, bai fi kaurin tsabar kuɗi biyu ba. Ina ganin zan sa magagari in ɗan ci cikin hannun a daidai wurin, shi ke nan.

Ka zauna kafin ka karanta wannan. Na rubuta sunana a tseren ranar 16 ga Yuni. Mai rajista ya tambaye ni sunan mijin da nake rubuta wa, na ce ya rubuta Nadège Chazot, da z.

Da ka ga babur ɗin yanzu. Ya yi ƙasa, ya yi faɗi, kamar kare mai shirin kai cizo. Ina shiga ɗakin ciyawa kawai don in kalle shi.

'Yarka,
Nadège

Sansanin katako, 11 ga Mayu, 1991

Nadège,

Ina lafiya, ina fatan ku ma haka. Ki gaishe da Yaya.

Na karanta takardarki sau uku a zaune kan tayar katafila. Ni taya mai ƙuraje nake nufi, irin wadda ke jiki, mafi girma a cikinsu. Na ɗauka labarin tseren nan hira ce kawai kike min. Babur ɗin nan na ajiye shi ne don in ratsa Sahara da shi har Agadez idan na gama aikin nan, na sha gaya muku a tebur. Yanzu kin mayar min da shi abin zagaya fili. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na yi wa Moussavou tsawa a kan abin da bai yi ba, sai da na ba shi haƙuri.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Ki ajiye magagarin nan. Hannun da kike gani kamar ƙarfe guda, cikinsa fanko ne, bangonsa siriri. Idan kin ci shi daga ciki, ba abin da za ki gani a kan titi. Ranar da kika yi tsalle a tudun nan kika sauko da nauyinki da na babur, a nan zai buɗe, ƙafar baya ta juya gefe kina cikin gudu. Na taɓa ganin irinsa ya faru da wani a tseren daji, bai sake tafiya daidai ba.

Idan har kin riga kin taɓa shi, to ki saurare ni da kyau. Kada ki sake hawa wannan babur har sai an cire hannun an sa wani. Ki wanke wurin, ki shafa kananzir, ki goge, ki barbaɗa garin alli. Idan akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana ta a kan allin.

Sarƙa ake matsarwa, ba ƙarfe ake ci ba. Ki sa wosha mai kauri a bayan ƙaramin faifan haƙoran da ke jan sarƙa, na gaba, ki sa irin kaurinsa a bayan babban na baya, sarƙar za ta fito waje a miƙe. Sai Teyssier ya dawo da rim ɗin tsakiya kaɗan. In har yanzu tana taɓawa, a yanke leɓen tayar, roba ce, ba ta riƙe ran kowa a nan wurin. Ki bar tazarar da fensir zai wuce ta kowane gefe, domin taya tana kumbura idan ta yi zafi.

An ce gadar da ke tsakaninmu da tasha tana rawa saboda ruwa. Allah ya sa takardar nan ta wuce.

Kawunki,
Armand

Aubenas, 2 ga Yuni, 1991

Kawu,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum Mama sai ta tare mai kawo wasiƙa a bakin hanya, har ya fara ɗaga mata hannu daga nesa alamar babu. Ta ce ko zazzaɓin ne ya dawo. Ni na ce aiki ne ya yi maka yawa. Mu dai lafiya muke.

Tun da ban ji ka ce a'a ba, na yi abin da na faɗa. Na ci cikin hannun dama da magagari, a hankali, ina gwadawa, har taya ta juya ba ta taɓa komai. Na goge wurin da takardar yashi ya yi sumul, ko kai ba za ka gane ba.

Kawu, na hau shi. Na bi hanyar da nake kai burodi, wadda na san kowane rami a cikinta. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Kwanar nan ta wajen gadar dutse da ka koya min in shiga a giya ta biyu, na shige ta a ta uku, tayar ta manne da kwalta kamar an shafa mata zuma. Da na kwanta gefe sai na ga ciyawar bakin hanya daf da idona. Na yi ihu cikin hular kwano ni kaɗai. A ƙauyen sama matar mai shago ta fito ta ce, "Nadège, ina burodin?" Na ce, "Yau hutu nake." Ta ce, "To ki yi hutun a hankali, kaji na suna hanya."

Abin da ban gwada ba shi ne tsalle, don ba a buɗe filin sai ranar tseren da safe. Régis ya ce tudun bana ya fi na bara tsawo, in riƙe totur kada in ji tsoro. Ya daina ce min mai burodi, yanzu lamba talatin da huɗu yake ce min. Mama ta ɗinka lambar a bayan tsohuwar rigarka ta fata, tana ɗinki tana mita.

Saura mako biyu. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

'Yarka,
Nadège

Sansanin katako, 15 ga Yuni, 1991

Nadège,

Takardarki ta 2 ga wata ta iso yau da rana. Gadar ta karye tun washegarin da na rubuta miki, sai farkon watan nan aka gyara ta. Direba ya ce jakar saƙo ta zauna a bukkar mai gadi duk tsawon lokacin. Ban san ko tawa ta iso ki ba.

Na je wurin mai rediyon sansani na roƙe shi ya kira ofishinmu na Libreville su buga waya gidan burodi. Yau Asabar, ba wanda ya amsa. Ya yi ta kira har batir ya yi sanyi. Garin da ke da waya tafiyar yini ce a wannan laka, kafin in isa kun riga kun fara tseren.

Gobe ne tseren. Na san takardar nan ba za ta hana komai ba, ban ma san wanda zai buɗe ta ba. Moussavou ya kawo min abinci ya ajiye, ya zauna kusa da ni.

Ni na rubuta mafi girman da za ta shiga, ban tsaya na tambaye ki tunanin da kika ce kina da shi ba. Ki ba ni labari, kowane iri ne.

Armand

Aubenas, 17 ga Yuni, 1991

Kawu,

Lafiyata ƙalau, ƙafafuna biyu da hannuwana biyu. Na fara da wannan ne don na san abin da za ka fara nema ke nan. Mama ma lafiya, sai dai muryarta ta dishe.

Takardarka ta 11 ga Mayu ta zo ranar Juma'a, tseren yana jibi. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa. Maganar Sahara ta sa na ji kunya ƙwarai. Na ci gaba, na zo ƙarshen shafin farko, layin ƙarshe ya ce, "Kada ki sake hawa wannan babur." Ban juya ba. Na ajiye ta a tebur na tafi ɗakin ciyawa na zauna a ƙasa ina kuka kamar 'yar shekara shida.

Can sai ga Mama da takardar a hannu, tabarau a kan hanci. Ta ce, "Ke da kawunki duk ɗaya kuke, ba mai karanta takarda har ƙarshe. Juya bayanta." Na juya, sai ga "har sai an cire hannun an sa wani."

Na yi yadda ka ce, kananzir da alli. Muna tsaye ni da Mama muna kallon farin gari. Sai wani siririn layi ya fito, kamar gashi, daga inda na ci har bakin walda. A kan titi kawai ya fara, ban ma yi tsalle ba tukuna. Mama ta zauna a kan bokiti. Ta ce, "Da wannan za ki yi tsallen?" Na ce, "Da shi." Na ɗauka an gama ke nan. Sai ta ce, "To ina ake samun wani?"

Ranar Asabar ban san yadda ta wuce ba. Régis ya yi ta buga waya har aka samu irin hannun a wurin masu tsofaffin babura a Valence. Na gama rabon burodi na wuce can da motar, garin burodi a gashina. Kafin in dawo Teyssier ya rufe shagonsa ya zo gida da kayan aikinsa. Ya karanta takardarka ya ce, "Armand ya fi iya bayani daga nesa." Muka sa wosha gaba da baya, ya dawo da rim ɗin, sarƙa ta fito a miƙe amma tana ɗan lasar tayar. Mama ta ɗora tsohuwar wuƙar yanka cuku a wuta, ni ina juya ƙafar a hankali, Teyssier yana yanke leɓen robar. Warin ya kori awaki zuwa ƙarshen gona. Da muka gama na zura fensir ta hagu ya wuce, ta dama ya wuce. Teyssier ya ce in sake, don ya ji daɗin gani.

Kawu, tseren. Mu goma sha tara ne a layi. Da aka sauke tuta na makara wajen sakin kuloci, kowa ya tafi ya bar ni da hayaƙi. A kwalta na fara kamo su ɗaya bayan ɗaya, don tayar nan ba ta san zamewa ba sai na ce mata. A ƙasa kuwa sumul ɗin taya ba ya taimako, babur yana rawa kamar kifi. Sai ga tudun. Ban yi tunanin komai ba sai layin nan a kan alli. Na riƙe totur. Na tashi, na ga kan mutane, na sauko, shokozoba ta nutse har ƙasa ta dawo, babur ya miƙe ya ci gaba. Daga nan tsoro ya fita.

A zagaye na biyar na gwada abin da na gani a watan Maris. Na danne birki, na sauke giya, na ji baya ya fita gefe a hankali, na miƙa ƙafa, na murɗa. Ya yi. Na wuce mutum biyu a wannan kwanar. A zagayen gaba na sake gwadawa da zumuɗi, na kwanta a kan damin ciyawar da ke bakin hanya, mutum ukun da na sha wahalar wucewa suka wuce ni suna kallo. Na tashi na buga kik na bi su.

Ta tara na zo. Régis ya zo na biyu, ya taho ya duƙa yana duba tayata ya ce, "Wa ya yanke miki wannan?" Na nuna masa Mama, tana can jikin shinge da kwandon abinci, har lokacin tana ihun lambata ko da yake an gama.

Tsofaffin ƙafafunka suna nan, rim da wayoyi na ɗaure su wuri guda. Teyssier ya ce zai mayar da su yadda suke duk ranar da ka ce. Ka yi haƙuri da hannun da na lalata, da kuma tambayar da na yi maka rabi da rabi. Babur naka ne. Amma akwai wani tseren a watan Satumba, na dai faɗa ne kawai.

'Yarka,
Nadège

Sansanin katako, 4 ga Yuli, 1991

Nadège, 'yata,

Ina lafiya. Yau na ci abinci har na nemi ƙari. Ki gaishe da Yaya Huguette, ki ce mata na gode, ta san a kan me.

Direba ya miƙo min takardarki ta tagar mota tun bai tsaya ba, don duk sansanin nan sun san abin da nake jira. Na karanta layin farko na tafi bayan gareji na ɗan jima ni kaɗai. Da na dawo suka sa ni na karanta musu sauran da ƙarfi. Wajen tsallen ba wanda ya motsa. Wajen damin ciyawa Moussavou ya yi dariya har ya shaƙe. Ya ce in gaya miki ta tara ba laifi, amma a sake kuloci da wuri. Shi da bai taɓa hawa ko keke ba.

Kafin ki sake fita ki duba notocin faifan baya, wosha yana sa su saki. Ki sa Teyssier ya sake bin wayoyin, sababbi suna miƙewa bayan tsalle. Kada ya taɓa tsofaffin ƙafafun tukuna.

Aikina zai ƙare ƙarshen watan gobe. Zan sauka a Marseille in hau jirgin ƙasa zuwa Montélimar ranar Asabar, 31 ga Agusta, da rana. Akwatina zai biyo motar haya, kada ki zo da motar burodi. Ki zo da babur ɗin, ki taho da hular kwano biyu. Ni zan zauna a baya.

Kawunki,
Armand